Bindigogi Uku da Karsanar Inna Hajjo

Tun ranar da na sauko daga kan buhunan masara a bakin kasuwar Bebeji, da bindigata naɗe a tabarma, ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, wurin mai shayi a tare ni, har masu kawo niƙa injina sai sun tsaya sun ji: wai da gaske ne na harbe saniyar Fulani a Doguwa? Wai me ya sa muka tafi mu uku a fijo, na dawo ni kaɗai a bayan babbar mota? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tsinci wanda ya yi masa daɗi ya ƙara gishiri. Ga shi nan daga farko. In kun ji murya tana tashi a tsakiya ku yi haƙuri, har yanzu ban huce ba.

Yayata Asabe ce ta aiko. Tana aure a wani ƙauye a ƙasar Doguwa, can gindin duwatsu, wurin Malam Barau manomin masara. Saƙon ya ce masara ta fara nuna, kurege da gyazbi da birai sun hana su sakat, in taho da bindigar nan tawa in rage musu.

Bindigata ta iska ce, ba ta cin albarushi. Karya ta ake yi a tsakiya, sifirin ya ɗanu, a sa ƙwayar dalma ɗaya, a mayar a harba. Na saye ta ne saboda ɓeraye da hasbiyoyin da suka addabi ɗakin injina. Faɗin bakinta an buga shi a jikin ƙarfen, 22. Masu jin Turanci suna ce mata tu-tu, sunan da ba na iya faɗa a gaban surukaina, don haka ni ashirin da biyu nake cewa.

Ina shirin hawa motar haya sai labari ya kai kunnen Alhaji Ɗanlami. Kun san shi, ɗan kwangilar nan mai farar fijo, wanda ya samo lasisin bindiga bana yake yawo da takardar a aljihun gaba. Tasa ma 22 aka buga mata, amma ba dangin tawa ba ce. Tasa mai harsashi ce: ɗan kwanso na tagulla, albarushi a ciki, dalma doguwa a ka, allura ta daki gefen gindin kwanson ya tashi. Faɗin bakinsu ɗaya ne, ƙarfi kuwa ko kusa. Ƙwayata kafin ta ƙure filin ƙwallo ta zama abin tausayi. Tasa a jikin kwalin harsashin ma an yi gargaɗi cewa tana wuce mil guda.

Ya same ni a inji, ya ce, "Habu, ina nan za ka hau motar haya? Haba. Biri ai aikin manya ne. Mu tafi tare, kai ka ji da 'yan ɓerayenka."

Na ce Allah ya saka da alheri. Wa zai ƙi kujera mai laushi a shekarar da mai ke wahala, motocin haya suna lodin mutane kamar buhun gawayi?

Muka fara ratsewa Kiru muka ɗauki Malam Iro tela, wanda ke yi wa Alhaji ɗinkin kayan makarantar da yake samun kwangilarsu. Shi ma yana da bindigar iska, amma mai ƙaramin baki, wadda aka buga wa 177. Ƙwayarta in ka ɗora a tafin hannu kusa da tawa kamar gero ne kusa da dawa. Tun kafin ya rufe ƙofar mota gardama ta kaure.

Malam Iro ya ce, "Malam Habu, taka fa jifa take yi, ba harbi ba. Ƙwayar ta yi nauyi, tana tafiya tana sunkuyawa. Sai ka ɗaga baki sama kamar mai roƙon ruwa. Tawa kuwa inda na kalla nan take zuwa, kamar zare a allura."

Na ce, "Haka ne, tana zuwa. Ta shiga ta fita, kurciya ta tashi da raminta ta je ta mutu a gonar wani, babu yanka babu miya. Kuma iska kaɗan ta kaɗa, ta ɗauke ta. Tawa in ta sauka a jikin abu, a nan yake zama."

"Gwangwanina ɗaya ya fi naka yawan ƙwaya."

"Ya fi, don kana bukatar biyu a inda nake sa ɗaya."

Gaskiyar magana kowannenmu yana da tasa. Ga ɗan tsuntsu a kan reshe mai nisa, ta Malam Iro ta fi sauƙin saiti. Ga gafiya ko kurege a kusa, tawa ta fi. Kuma dukkanmu mun yarda a kan abu ɗaya: ba a harbin biri da bindigar iska, sai dai a raunata bawan Allah ya tafi yana wahala. Alhaji kuwa dariya kawai yake yi yana buga sitiyari, yana cewa yara biyu suna musu a kan danƙo.

A Kwanar Ɗangora layin mai ya kai inda ido ba ya gani. Alhaji ya ce ba shi ba bin layi, ya sayi galan biyu a hannun 'yan bumburutu, duk da na shaƙa na gaya masa akwai warin kananzir. Muka ci ƙwai da gasasshiyar masara, muka ɗauki hanyar Tudun Wada. Ba mu yi wata tafiyar kirki ba mota ta fara tari, tana fizga, tana tsayawa. Da tura da addu'a muka kai ta wurin wani bakanike a gefen gari.

Bakanike na kwance kafireta, mu kuma zama ya ishe mu. Malam Iro ya tsinci gwangwanin madara ya ɗora a kan tudun ƙasa, ya ce yau za a raba gardama. Ya harba, ya huda shi tsaf, gwangwanin ko motsi bai yi ba. Ni na fara harbi ƙwayar ta faɗi ƙasa da shi, ya yi ta dariya. Na ɗan ɗaga baki na sake, gwangwani ya yi tsalle ya wuntsila. Kowa ya ce shi ya yi nasara.

Sai Alhaji ya ce mu matsa. Ya ɗauki gwangwanin ya ɗora a kan wani falalen dutse. Na ce, "Alhaji, kar ka sa a dutse. Taka in ta daki dutse zamewa take yi, ba a san inda za ta nufa ba. Mayar da shi jikin tudu."

Ya ce, "Ni za ka koya wa bindiga mai lasisi?"

Ya saki. Muka ji tau, sannan wani kuka siriri ya wuce ta saman kawunanmu ya nufi shinkafar mutane. Bakanike ya yar da sifana ya shige ƙarƙashin mota. Da ya fito, ya karkaɗe wando, ya ce in aka sake harbi a wurinsa to mu ɗauki kafiretarmu a leda. Gwangwanin kuwa yana nan zaune lafiya.

Gyara bai ƙare ba sai da rana ta faɗi, dole muka kwana a Tudun Wada, gidan wani abokin Alhaji dillalin shinkafa. An karɓe mu da shinkafa da wake da man gyaɗa mai daɗi, wannan ba zan ci amanarsu ba. Mutanen nan shinkafa suke ci kamar yadda muke cin tuwo, safe da yamma, ba sai da suna ko salla ba. Amma wajen kwana aka kai Alhaji ɗaki mai katifa da fanka, ni da Malam Iro aka shimfiɗa mana tabarma a shagon ajiya. Da asuba muka tashi an ci gefen hular Malam Iro, ni kuma an gwada ɗan yatsan ƙafata. Ku duba abin takaici: maharba ɓera biyu, ɓeraye sun yi sukuwa a kansu har gari ya waye, bindigoginsu suna kulle a but, mukulli yana aljihun mai fanka.

Da hantsi muka isa bakin dajin Falgore. Akwai shinge a wurin, da mutane masu kaki, kuma aikinsu suke yi, domin dajin an hana farauta a cikinsa. Aka ce a buɗe but. Alhaji ya zaro takardarsa kafin a tambaya. Babbansu, wani dogo mai gashin baki, ya duba lamba ya duba bindiga, ya ajiye. Ya ɗauki ta Malam Iro ya leƙa bakinta, ya ce wannan ta tsuntsaye ce, ya ajiye. Ya ɗauki tawa ya ga 22.

"Ina takardar wannan?"

Na ce, "Yallaɓai, ta iska ce."

"Waccan 22, wannan 22. Waccan tana da takarda. Ina ta wannan?"

Na juya wajen Alhaji ya sa baki, tunda shi ya ɗauko ni. Kun san abin da ya ce? "Yallaɓai, ni rage masa hanya kawai na yi, ban san abin da ya ɗauko ba." Mutumin da ya zo har inji ya kira ni! Na haɗiye abin da ya taso mini, na karya bindigar na nuna wa mai gashin baki sifirin, na zuba masa ƙwayoyin a hannu, na ce ya nemi albarushi a ciki. Na roƙi harsashin Alhaji guda na jera su. Ya jujjuya su, ya kira abokan aikinsa suka gani, ya harba tawa a jikin kututture da kansa, ya ji ƙararta kamar an karya kara. Sannan ya ce mu tafi, amma duk wanda ya kwance bindiga kafin mu fita dajin, shi da kansa zai kwana da shi. Mun shiga mota Alhaji yana cewa wai dabara ya yi, in ya nuna ya san ni abin zai fi tsanani. Birai suna zaune a gefen kwalta suna kallonmu, na ga hannun Alhaji yana ƙaiƙayi, amma gashin bakin nan ya tsaya masa a rai.

Daga Doguwa muka saki kwalta muka bi hanyar daji, taɓo har gindin ƙofa. Ƙasar nan daban take da tamu. Ruwa ya fi yawa, safiya da sanyi ko a damina, masara ta fi mutum tsawo, ga rake a kowane kwari. Tuwon masara suke ci, fari sol, in ka saba da na dawa sai ka ji kamar bai zauna a ciki ba. A kowace gona akwai rumfa mai dogayen ƙafafu, mutum ya hau ya wuni yana buga garwa yana korar birai. Abin da ya fi burge ni shi ne zamansu da Fulanin da ke bayan tsauni. Da rani shanun Ardo Buba ne ke kwana a gonar Malam Barau su bar masa taki, shi kuma ya bar musu kara da harawa. Mahaifiyar Ardo, wata tsohuwa Inna Hajjo, kusan kullum sai ta aiko wa Yaya Asabe kindirmo. Haihuwar yayata ta fari ma a hannunta aka yi. Mu a nan sai mu shekara ba mu san sunan mai shanun da ya wuce ta bayan gonarmu ba.

Washegari da sassafe muka fita. Gonar ta kwanta ne tsakanin rafi da wani tsauni mai duwatsu. Malam Barau ya nuna tsaunin ya ce, "Alhaji, birai ta nan suke saukowa. Amma bayansa rugar Ardo ce, kuma shanu suna bin kwarin zuwa ruwa. A yi hankali."

Na ƙara da cewa, "Ka bari su sauko cikin gona, ka hau rumfa ka harba ƙasa-ƙasa, in ka kuskure ƙasa ta shanye. Kar ka harba suna kan tsauni, babu abin da zai tare harsashin."

Ya ce ya ji. Na gangara bakin rafi inda kurege ya yi ramuka, Malam Iro ya zauna ƙarƙashin wata ɗorawa kusa da Alhaji yana jiran hasbiya. Ban daɗe ba na fara jin tau, tau, tau. Na ɗaga kai na hango jajayen birai a jere a ƙololuwar dutse, sararin sama a bayansu, Alhaji a tsaye yana zuba musu wuta. Na yi ihu na ɗaga hannu, ko ya ji ko bai ji ba, oho. Birai suka watse, ko ɗaya bai faɗi ba. Ni na samu kurege uku da gyazbi guda, na bi gefen rafi na koma gida, har na gaisa da wasu makiyaya a mashaya.

Bayan azahar muna zaune a zaure sai ga Ardo Buba da mutum biyu, ga Inna Hajjo a bayansu tana dogara sanda. Ko gaisuwar kirki ba a gama ba Ardo ya ce, "Malam Barau, an harbi karsanar Inna. Tana kwance a kwari. Ciki gare ta."

Muka ɗunguma. Farar karsana ce mai jan kunne, tana kwance tana nishi, da ɗan rami a haƙarƙarinta, jini kaɗan-kaɗan. Inna Hajjo ta durƙusa tana shafa wuyanta tana yi mata magana da Fulatanci. Yaya Asabe ta gaya mini daga baya cewa daga tsatson saniyar da aka ba tsohuwar ranar aurenta ta fito, ita kaɗai ta rage a wannan zuriyar.

Mai unguwa ya zo, ya tambayi wa da wa ke da bindiga. Makiyayan suka nuna ni, suka ce ni suka gani a bakin rafi, kuma ba su yi ƙarya ba. Na ce a tambayi wanda ya yi ta harbi a kan tsauni. Alhaji ya gyara babbar riga, ya ce shi sama ya yi ta harbawa don tsoratarwa, kuma tsakaninsa da kwarin nan akwai dutse guda. Sannan ya ce, "Abin ai ba ya bukatar rantsuwa. A gwada ramin."

Aka karɓi ƙwayar Malam Iro aka kara a bakin ramin, ta yi kaɗan, tana lilo. Malam Iro ya sauke ajiyar zuciya har kowa ya ji. Aka karɓi tawa aka kara, ta zauna daram.

Alhaji ya ce, "Kun gani? Ashirin da biyu."

Na ce, "Taka fa? Ba ashirin da biyu ba ce? Ɗauko a gwada!"

Ya ce harsasansa sun ƙare, bindigar ma tana but. Ya ce kuma shi mai lasisi ne, gwamnati ta san da shi, ba ya harbin ganganci.

Jama'a, ban san lokacin da na fara ɗaga murya a gaban dattawa ba. Na ce tawa ko kare ba za ta kayar ba balle saniya. Na ce a kawo busasshiyar fata a rataye a gani. Aka kawo, na ja baya kamar tazarar mashaya da inda karsanar take, na harba, ƙwayar ta lotsa fatar ta faɗo ƙasa. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Inna Hajjo ta ɗago ta ce, "Ɗana, wannan fatar ta bushe ta yi tauri. Tawa mai rai ce." Ban ga laifinta ba. Ita abin da ta sani ramin ya yi daidai da ƙwayata.

Na juya ga Malam Iro. "Kai kana gindin ɗorawa. Ina ya sa bakin bindigarsa?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli Alhaji, ya ce shi hankalinsa yana kan hasbiya. Wannan ta fi komai ci mini rai. Mutumin da ɓera ya ci hularsa a gefena!

Mai unguwa ya ce a jira a ga yadda karsanar za ta kwana, baƙi kuma kar kowa ya tafi. Ranar kindirmo bai zo gidan ba. Yaya Asabe ta kawo mini tuwo ta tsaya a kaina ta ce, "Habu, tsakaninka da Allah?" Na ce, "Yaya, wallahi ba ni ba ne." Ta ce to, ta juya, amma na ga tana share ido da bakin mayafi.

Da safe Alhaji ya ce zai je Doguwa ya ɗauko malamin dabbobi, Malam Iro zai raka shi saboda tura mota a taɓo. Mai unguwa ya yi masa godiya, har da addu'a. Muka jira har rana ta take tsaka. Wani mai keke da ya fito daga gari ya ce ya ga farar fijo ta hau kwalta ta miƙe arewa, ko waiwaye babu. Jakar kayana ma tana ciki.

Karsanar ba ta kai la'asar ba, Ardo ya ga za ta tafi a banza ya sa wuƙa. Na ce ba zan matsa ba sai an feɗe a gabana. Ɗan cikinta ya riga ya yi gashi. Aka bi hanyar ramin: ya fasa haƙarƙari, ya ratsa huhu, ya je ya maƙale a kafaɗar ɗaya gefen. Ardo da kansa ya ciro abin da bakin wuƙa, ya wanke a ƙwarya, ya ɗora a tafin hannunsa. Na ɗora ƙwayata kusa da shi. Tawa gajeriya ce mai siririn ƙugu da rami a gindi, kamar ɗan turmi. Wannan kuwa dogo ne, curarre, mai zane-zane a jiki, ya ninka tawa nauyi ya fi. Malam Barau ya fito da kwanson tagulla da ya tsinto a gindin ɗorawa, aka kara gindin dalmar a bakinsa, ya shige kamar gidansa.

Inna Hajjo ta karɓi biyun ta auna a hannu, wannan a dama wannan a hagu. Ta miƙo mini tawa ta ce, "Ka yafe ni, ɗana." Na ce, "Inna, babu komai tsakaninmu."

Na zaci shi ke nan. Sai Malam Barau ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, wanda ya yi ɓarnar a gidana ya ci tuwo, a gonata ya tsaya. Baƙona ne." Ya shiga gida ya kwanto maraƙin da yake kiwo don ya haɗa da bijiminsa su ja garma baɗi, ya miƙa wa Ardo igiyar. Na ce, "Yaya Barau, wannan wane irin hukunci ne? Mai laifi yana can yana shan iskar fanka!" Ya ce, "Habu, kai gobe za ka tafi. Ni da mutanen nan za mu ci gaba da shan rafi ɗaya." Ardo ya ƙi karɓa har sau biyu, Malam Barau ya rantse, dole ya karɓa. Inna Hajjo ta ƙulle dalmar a tsumma ta ba ni, ta ce in kai wa mai ita, ita ba ta ajiye kayan wani.

Haka na hau motar masara da rigar jikina, ruwa ya dake mu tun daga daji har Kwanar Ɗangora.

Ban je wurin Alhaji ba, na san abin da zan ji. Na tafi wurin yayansa Malam Sani, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, yake kuma zaune a tsohon gidansu inda Alhaji ke turke dabbobinsa na kiwo. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance tsumman, na faɗa masa komai tun daga gwangwanin madara. Bai katse ni ba. Da na gama ya aika a kira Alhaji, ya ce ya taho da bindigar.

Alhaji ya zo yana tauna goro, ya gan ni ya ce, "A'a, Habu, ka dawo? Ai motar ce ta sake lalacewa." Malam Sani ya miƙa masa dalmar, ya ce, "Taka ce?" Alhaji ya fara cewa ai ashirin da biyu suna da yawa a duniya. Malam Sani ya ce, "Ɗanlami, ban tambaye ka duniya ba." Tsohon ya karɓi bindigar ya jingina a bayansa, ya tashi da kansa ya shiga garke, ya kwanto ɗan bijimin da ya fi kowanne ƙiba, ya ba ni igiyar. Ya ce, "Ka kai wa Malam Barau. Ka ce ina gaishe shi, kuma ina jin kunyarsa. Motar da za ta kai shi, Ɗanlami ne zai nemo."

Na ja igiya na nufi ƙofa, zuciyata ta fara sanyi. Sai na ji muryar Alhaji a bayana.

"To Yaya, tunda ni na biya, naman karsanar fa? Ai ya kamata a ce an aiko mini ko da cinya ce."

Na tsaya da igiya a hannu. Na duba fuskarsa ko wasa yake yi. Wallahi da gaske yake.